Silin POP da ginshiƙan Rumawa: daga ina suka zo mana?

Ɗan Mabera
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina so masu sani su sa baki a wata magana. Duk wanda ke zagaya sababbin unguwanni, Bado, Arkilla, bayan Guiwa, ya san abin da nake nufi. Yanzu gida bai amsa sunan gidan mai hali ba sai an kafa masa fararen ginshiƙai biyu ko huɗu a ƙofa, masu zanen ganye a kai, a falo kuma silin POP, wato na farin garin filasta, hawa biyu ko uku, da fure a tsakiya inda fitila za ta sauko. Ni ma gini nake, na kai rufi, mai POP ya turo mini hotuna ta WhatsApp in zaɓa. A ciki har da wanda aka yi wa jarirai masu fukafukai a kusurwa huɗu, da wani mai kan zaki. Na ce masa wannan fa? Ya ce shi manya ke so. Yayana kuma ya dage wai in na sa silin roba na PVC a falo na zubar da mutuncin gidanmu. To daga ina wannan salo ya zo mana, kuma yaushe rufin ɗaki ya zama ma'aunin arziki a Sakkwato? Ni a ganina kwaikwayo ne kawai, da can ba mu da shi.

Hajiyar Bado
Wa alaikumus salam. Ƙanena yi abin da aljihunka zai ɗauka, yayan naka ba shi zai biya ba. Amma kada a ɓoye maka, ranar da mata suka zo ganin gida, kafin su zauna sun ɗaga kai sama. Labarin da za su kai gida ke nan.

Sarkin Zolaya
Jarirai masu fiffike a falon Basakkwace? Kai dai sa. Ranar walima in limamin unguwarku ya ɗaga kai za ka yi bayani 😂

Baba na Kanwuri
Ɗana, zancenka na ƙarshe shi na ban yarda da shi ba. Wa yac ce maka ba mu da shi? Mu da munka tashi cikin gari, ga rufi aka gane zauren talaka da na mai sarauta. Talaka shi ɗora azara bango zuwa bango, shi shimfiɗa zana, shi zuba ƙasa, shi ke nan. Ɗakinai ba shi faɗi, don azara ba ta ɗaukar nisa. Amma mai hali shi kira gwani a ɗaure mishi bakan gizo, a taso shi daga bango wanga da wancan su haɗe bisa, in huɗu na ko shida su gamu tsakiya, a yi ɗaurin guga. Tsakanin bakunan a jera guntayen azara a karkace, wagga ta kalli nan wagga ta kalli can, sai ka ce saƙa. Inda sunka haɗe a liƙa tasa ko kwano mai ƙyalli. In ka shiga gaida hakimi, ko ba ka so sai wuyanka ya ɗaga. Kuma kowa ya san giginya nawa anka sare da magina nawa anka ciyar kahin a samu wanga soro. To mi na bambancinai da naku na yanzu? Jar ƙasa ta koma hwarin gari, shi ke nan.

Malamin Tarihi
Allah ya ƙara wa Baba lafiya, maganarsa tana da madogara. Baturen nan Clapperton da ya zo wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1824 ya tarar ana gina masallaci a garin nan da kuɗin Waziri Giɗaɗo, ya kuma rubuta cewa babban maginin mutumin Zazzau ne, mahaifinsa ya zauna Masar ya koyo gini a can. Wato shekara 15 kacal da kafa Sakkwato an riga an fara kawo gwani daga nesa, shi ma da fasahar da aka ɗauko daga nesa. Wanda ya taɓa shiga tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani na zamanin Sarki Abdulkarim, ya ga iyakar abin da za a iya yi da laka da azara.

Ginshiƙan kuwa na Girkawa ne, Rumawa suka gada. Iri uku suka fi shahara. Akwai mai kai shafal ba ado, Dorik, irin na haikalin Parthenon a Atina da aka fara a shekara ta 447 kafin haihuwar Annabi Isa. Akwai mai kai a nannaɗe gefe biyu, Ayonik. Akwai na Korintiya mai ganye, shi ne ya cika mana gari. Ganyen wani tsiro ne mai suna akantus da ke fitowa a ƙasashen bakin Bahar Rum. Turawa sun farfaɗo da salon daga Italiya, suka riƙa liƙa shi a kotuna da bankuna da majalisu, duk inda ake son mutum ya ji shi ƙarami ne in ya tunkaro ƙofa. Dubi Fadar White House. Zuwansa Najeriya ta kudu ya biyo: Turawan mulki sun gina zauren Mapo na Ibadan a 1929 da manyan ginshiƙai, kafin nan kuma bayin da suka dawo daga Brazil sun kawo aikin ado da filasta Legas da Porto-Novo. Masallacin Shitta-Bey na Legas, 1894, salonsu ne.

Ɗan Mabera
Baba na gode, Malam na gode. Amma har yanzu akwai abin da ke damuna. Bakan gizo namu ne, mun san ma'anarsa. Ganyen da ko akuyarmu ba ta taɓa gani ba fa, me yake faɗa a ƙofar gidana?

Mai POP Gawon Nama
Bari mu masu sana'ar mu ce wani abu. Ni a hannun wani mutumin Togo na koya, kuma har gobe in ana neman hannu mai kyau a wannan aiki za ka ji ana ambaton mutanen Togo da Kwatano. Alhaji, ganyen ba ya faɗin komai. Mol ne. Roba ce da muka saya ko muka kwafa daga aikin wani, mu shafa mata mai, mu dama gari mu zuba, mu shimfiɗa filas, wato zaren da ke riƙe shi, a ciki don kada ya karye, kafin ka sha shayi ya kama. Furen tsakiya haka, konis na gefen bango haka. Ginshiƙin da kuke gani ma ɓari biyu muke zubawa, mu rungume filar kankare da su, mu toshe tsagar. Wani lokaci ba ko fila a ciki, fayif ne. Ƙwanƙwasa za ka ji.

Abin da ke kawo mutane wurina ba Girka ba ne ba Rum ba. Mutum zai zo ya ce, ka ga falon Alhaji wane? Irinsa nake so amma nawa ya fi shi hawa ɗaya. Wani daga Dubai ya ɗauko hoton otal a waya, wani a fim ya gani. Akwai wanda ya sa na sauke aikin da bai shekara biyu ba, lafiyarsa lau, don maƙwabcinsa ya yi mai wutar ɓoye shi nasa babu. Da mita muke lissafi, kuma kowane hawa, kowane lanƙwasa, kuɗi ne. Shi ya sa mai kallo yake iya ƙiyasta abin da aka kashe ba tare da ya tambaya ba, mai gida kuma abin da yake so ke nan.

Hoton jariran nan daga intanet yaran ke kwasowa su tura gaba ɗaya. Ni ban taɓa yin sa ba, ba kuma wanda ya taɓa nema a wurina. Kan zaki dai an nema, a kan get.

Ɗalibin Ilmi
Allah ya saka maka da alheri da ba ka yi ba. Maganar surar mai rai ba ta ra'ayi ba ce. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa mala'iku ba sa shiga gidan da ke da kare ko sura. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta rataya labule mai hotuna, Annabi (SAW) ya shigo fuskarsa ta canza, aka cire shi. Wannan zane ne a ƙyalle, balle abin da aka zuba ya fito da jiki. Kuma lokacin da wani mai sana'ar zane ya kai kukansa ga Ibn Abbas, cewa ya yi masa in dole ne sai ya yi, ya zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Don haka ganye da fure ba su ne matsala ba.

Amma ina jan hankalinmu ga Suratuz Zukhruf, aya ta 33 zuwa 35. Allah ya ce ba don kada mutane su taru su zama al'umma ɗaya a kan kafirci ba, da ya sanya wa masu kafirce masa rufin azurfa a gidajensu, da matakalai, da ƙofofi da gadaje da ƙawa, kuma duk wannan jin daɗin rayuwar duniya ne kawai. Ku duba, da rufi aka fara. Masallacin Manzon Allah kuwa ginshiƙansa kututturen dabino ne, rufinsa ganyen dabino, har ruwan sama ya zubo ya yi sujada cikin ruwa da laka. Mu da ke zaune kusa da Hubbaren Shehu ya kamata mu fi kowa tuna wannan.

Ɗan Kasuwar Kara
Allah ya gafarta Malam, ba na ja da kai kan sura. Amma kada a sa wa mutane jin cewa gyara gida laifi ne. Aya ta 32 a Suratul A'araf ta ce wa ya haramta ƙawar Allah da ya fitar wa bayinsa. Kuma lokacin da wani ya tambaya ko son kyakkyawar riga da takalmi girman kai ne, amsar da aka ba shi ita ce Allah mai kyau ne yana son kyau, girman kai shi ne ƙin gaskiya da raina mutane. Na yi shekaru ina shan rana a kasuwa, in Allah ya hore mini in kwanta ƙarƙashin rufi mai kyau, wa na zalunta? Ba duk mai POP ne mai fariya ba. Wani ma mai silin kwali ya fi shi ɗagawa.

Gaskiya Ɗaci
Ku daina kwana-kwana. Malamin Tarihi da bakinsa ya ce daga haikalin gumaka aka ɗauko ginshiƙan nan. To me ya rage? A bar su gaba ɗaya, da ganyen da komai. Mun zama 'yan amshin shatan Turawa har a ƙofar gida.

Malamin Tarihi
Ɗan'uwa Gaskiya Ɗaci, hukunci na malamai ne, ni tarihi zan ba ka. Babban masallacin Ƙurɗuba ta Andalus da Abdurrahman na ɗaya ya fara wajen shekarar 785, ginshiƙansa na farko daga tsofaffin gine-ginen Rumawa da waɗanda suka biyo bayansu aka kwaso su, da kawunansu masu ganye, aka ɗora musu baka a kai. Musulmi sun yi ɗaruruwan shekaru suna sallah a tsakaninsu. Sannan shi kansa ado da farin garin nan, Musulmi sun kai shi inda ba a kai ba. Rufin wasu zaurukan fadar Alhamra a Garnaɗa, na ƙarni na 14, da shi aka yi, dubban 'yan ramuka hawa kan hawa, ba surar kowa a ciki sai lissafi da rubutu. Har yau aikin magina ne a Maroko. In mutum na son abin alfahari a silinsa, ga inda zai duba.

Jariran nan masu fukafukai kuwa, a wurin masu su ba ado ne kawai ba, magana ce. A birnin Rum, gidan Barberini, dangin Paparoma Urban na takwas, sun sa mai zane Pietro da Cortona ya cika rufin babban zaurensu daga 1633 zuwa 1639. A tsakiyar sama ya zana ƙudan zuma uku, tambarin gidansu, ana kawo musu rawani da mabuɗai, wato mulkin nan daga sama aka ba mu. A Faransa, Sarki Louis na 14 ya yi zauren madubai a fadar Versailles, tsawonsa mita 73, aka gama a 1684, rufin cike yake da yaƙe-yaƙen da ya ci da ayyukan mulkinsa, shi kuma an zana shi da sulken Rumawa. Jakadan da ya zo sai ya ratsa ƙarƙashin wannan kafin ya isa gaban sarki. Daga baya attajiran da ba su da sarauta suka ara, suna sa allolin Girkawa a rufin ɗakin cin abinci don baƙo ya san mai gida ya yi karatu. Da aka fara zuba su a mol kowa ya iya saya, sai ma'anar ta tafi aka bar siffar. A wannan matakin suka iso wayar Ɗan Mabera.

Maman Biyu
Ni duk wannan tarihi ya yi, amma ba wanda ya tambayi mai share shi. Maza ku zaɓi zane ku fita, mu a bar mu da tsani. Hunturun Sakkwato kun san shi. Kowane lungu na furen nan, kowane tsagi na konis, ƙura ke kwana a ciki, fari ya koma ruwan ƙasa, gizo-gizo ya yi gida a inda ake ɓoye wuta. Namu mai hawa uku ne, sai na ɗaura tsumma a kan sanda, in gama wuyana ya ƙage, kuma ba a sa masa ruwa. Ita fitilar tsakiya mai ƙwalaben nan sai an kwance ɗaya ɗaya a wanke.

Abu na biyu. Shekara nawa kuna yi mana dariyar jere? Iyayenmu suka tara kwalla da samiru da tangaran har sama a ɗakin amarya, kuka ce ɓarnar kuɗi, kwanon da ba a ci a ciki. Su aƙalla ranar da gida ya shiga matsi ana ɗaukar kwano a sayar, kuma 'ya tana gada. Ku gaya mini wanda ya taɓa ɓamɓaro silinsa ya kai Tsohuwar Kasuwa.

Sarkin Zolaya
Maman Biyu ta kashe bakin kowa. Maza a watse 😂😂

Injiniya Arkilla
Ba a watse ba tukuna. Baba ya tambayi bambanci, ni kuma ina ganin akwai babba, ranka ya daɗe. Bakan gizo shi ke ɗauke da rufin. In ka cire shi soro ya rufto. Ado da aiki abu ɗaya ne a wurin. Haka ma Rumawan: ramukan murabba'i da ke cikin ƙubbar Pantheon, tsohon haikalinsu a birnin Rum, mai faɗin mita 43, suna rage nauyin kankare ne, ga shi tana tsaye tun wajen shekarar 125. Namu ginshiƙin Mai POP ya faɗa da bakinsa, fayif ne a ciki. Shi ake ɗauka, ba shi ke ɗauka ba.

Duk da haka ba na hana kowa POP, don a cikin abin da ke kasuwa yana da kirki. Asalinsa dutsen jifsam ne, a gasa shi ruwan jikinsa ya fita ya zama gari, in an dama ya sake shan ruwan ya daskare. Kusan kashi 21 cikin ɗari na nauyinsa ruwa ne a ɗaure, shi ya sa yake jinkirta wuta. PVC kuwa narkewa yake ya ɗigo da hayaƙi mai guba. Tsohon silin asbestos in yana nan lafiya kada a fasa shi ko a goge shi da samfefa, ƙurarsa ke lalata huhu. Abin takaici, jifsam ɗin nan muna da shi a ƙasar Dange da Shuni, kuma siminti ba ya haɗuwa sai da shi, ga masana'anta a Kalambaina, amma buhun garin POP da yawa daga waje ake shigo da shi.

Inda nake faɗa da masu gida shi ne tsawo. Garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, mutum ya yi bango gajere don tsimin bulo, sannan ya sauko da silin hawa uku, fanka ta dawo saitin hula. Iska mai zafi sama take taruwa, in ba ka bar mata wuri ba a kanka za ta zauna. Kuɗin hawa na biyu da na uku ka ƙara layin bulo biyu da su, ka sa abin tare zafi ƙarƙashin kwano, ka bar kafofin iska. Ka kuma bar ƙofar shiga sama, don ranar da waya ta lalace kada a fasa maka fure.

Ma'aikaci Guiwa
Injiniya ka manta da yoyo. Mu namu damina ɗaya ya gani. Kafinta ya bar ƙusa ɗaya ba daidai ba a kwarin kwano, ruwa na ɗiga ba mu sani ba. Da farko tabo ne rawaya gefen furen, mai aikin ya zo ya shafa fenti ya ce ba komai. Wata ranar Asabar da hantsi, yara sun tashi daga kallo ke nan, muka ji rugum. Rabin hawa na biyu ya sauko kan kujera, wayoyin da aka rataye shi da su duk sun yi tsatsa, filas ɗin kuma 'yar kaɗan aka sa. Allah ya kiyaye ba kowa a wurin. Da na kira shi sai ya ce laifin kafinta ne, kafinta ya ce laifinsa ne. Har yau ramin na nan na rufe da filawud.

Mai POP Gawon Nama
Allah ya ƙara kiyayewa. Amma Malam ka faɗi nawa aka ce maka da farko, nawa ka biya. Mutum zai so zanen gidan gwamna da kuɗin shago, yaro ya karɓa don kada aiki ya wuce shi, ya rage gari, ya rage filas, ya tazarar da waya. Ni ba na hawa aiki sai na ga rufin ya sha ruwa, ko na sa an watsa masa da tiyo. Kuma ginshiƙin waje da siminti ake zuba shi, wanda ya yi maka da POP ya cuce ka.

Dillalin Gidaje
Ni daga ɓangaren kasuwa zan yi magana. In na ce wa mai neman haya ga gida, tambaya ta farko tayil, ta biyu POP. Ruwa sai daga baya ake tunawa. Ango musamman, don ya san dangin amarya za su zo kafi, kuma za a ɗauki bidiyo a sa a TikTok. Gida biyu iri ɗaya a layi ɗaya, mai POP ya riga shiga kuma ya fi tsada. Masu ginin haya sun gane, shi ya sa za ka ga falo an ƙawata shi, ka leƙa ɗakin kwana silin kwali, ka leƙa bayi ko filasta ba a yi ba. Na taɓa kai wani gida mai ginshiƙi huɗu a gaba, sokawe ɗinsa bai kai ƙirjina zurfi ba. Inda baƙo ke gani nan kuɗin ke zuwa. Don haka Ɗan Mabera in gidan zama ne yi son ranka, in kana tunanin sayarwa wata rana, yayanka bai yi ƙarya ba.

Babban Yaya
To ni ne yayan da ake ta zance, yanzu aka nuna mini. Ban ce ya sa jarirai ba, ban ce ya sa zaki ba. Abin da na ce, shi ba yaro ba ne, yana da 'ya'ya mata sun tasa. Gobe masu neman aure za su zo, manyan mutane za su zauna a falon nan. A garin nan ana auna mutum kafin ya buɗe baki, ko mun so ko mun ƙi. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, cikin gida ɗakunan laka ne ba komai, amma zaurensa duk shekara sai an yi masa yaɓe da farar ƙasa, don nan yake karɓar mutane. Girmama baƙo ne. Ku masu cewa fariya, in kuka je neman aure gidan da falo ya sha gyara ai har zamanku canzawa yake.

Gaskiya Ɗaci
Wato yanzu da silin ake aurar da 'ya? Shi ya sa samari suka koma cin bashi. Irin wannan tunani ne ya lalata mu.

Admin
Gaskiya Ɗaci a sassauta harshe, Alhaji ya girme ka. A yi muhawara ba gori.

Ɗalibin Ilmi
Alhaji, gyaran wurin baƙo abu ne mai kyau, ba mai musu. Ma'aunin da nake ba kaina shi ne: in da ba wanda zai taɓa shigowa ya gani, zan yi? In zan yi, ƙawa ce. In ba zan yi ba sai don a gani, to in binciki zuciyata. Kuma bashi don ado, wannan kowa ya san ƙarshensa.

Hajiyar Bado
Malam da wannan ma'aunin ai ko babbar riga ba mai ɗinkawa. Wa ke sa aska tara ya zauna shi kaɗai a ɗaki?

Bakano a Sakkwato
Hajiya ta yi tambaya. Ni dai abin da zan ƙara, ku je Gidan Makama a Kano ku ɗaga kai, ku ga bakan gizo da fenti. Ba wanda zai fito ya ce abin talauci ne. Matsalar ita ce yau in attajiri ya yi soron laka cewa za a yi ya karye. Laka ta zama alamar rashi, shi ya sa ko mai sonta yake gudu.

Ɗan Mabera
Na karanta duka, Allah ya saka. Yaya ashe kana nan. Na fasa ginshiƙan ƙofa, wannan kam na yanke, kuɗinsu zai tafi ƙarin bulo kamar yadda Injiniya ya ce. Falo zan yi POP shafal hawa ɗaya saboda Maman Biyu da ire-irenta a gidana. Amma tambayata ta farko ba ta mutu ba. Na yarda kakanninmu ma da rufi suke nuna isa. Abin da ban gane ba, me ya sa da muka samu kuɗi ba mu ɗaukaka namu ba sai na wasu? Mai POP, ba za a iya fitar da siffar ɗaurin guga da garin nan ba?

Mai POP Gawon Nama
Za a iya mana. Dagin Arewa ma na sha zuba shi a tsakiyar silin a madadin fure, mol ɗinsa na nan. Baka kuwa sai dai a lanƙwasa ƙarfe a yi masa ƙashi a bi shi da gari. Zai ci lokaci, zai fi hawa uku tsada, don ba kwafa za a yi ba. Kuma sai ɗakin na da tsawo.

Injiniya Arkilla
Zai yi kyau a ido, amma mu faɗi gaskiya, shi ma rataye shi za a yi da waya. Bakan gizon da ba ya ɗauke da komai da ginshiƙin da fayif ke ciki, uwarsu ɗaya.

Malamin Tarihi
Ban yarda gaba ɗaya ba, Injiniya. Rufin Alhamra ma rataye yake a jikin wani rufin, ba wanda ya ce ƙarya ne. Su Rumawan kansu sun riƙa liƙa rabin ginshiƙi a bango don ado tsantsa, dubi jikin Kolosiyam, babban filin wasansu a birnin Rum.

Baba na Kanwuri
Ku dai yi ta yi. Ni abin da nika tambaya, in an ce yau a ɗaure baka na gaske, wa za a kira? Waɗanda nis sani sun tsuhwa, ɗiyansu sun koma bulo. Giginyar ma sai an tai nesa, kuma ba kowace ba, namiji aka so wanda ya ƙosa, shi na gara ba ta ci. In akwai wanda yas san magini mai wanga aiki ko Wurno ko Gwadabawa ko ina, shi hwaɗi, akwai soro gidanmu da ka son gyara kahin ruwa.

Ɗan Kasuwar Kara
Baba zan tambaya maka wurin masu sayar da azara, su suka san masu saye. In na samu zan turo ta akwatin sirri.

Ma'aikaci Guiwa
Tunda masana na nan, tambaya a gefe. Ta ramin nan da na rufe da filawud jemagu sun samu hanya, da dare sai kuka da wari. Akwai maganinsu ko sai an sauke silin ɗin duka?

Injiniya Arkilla
Ba ta ramin suka shiga ba, ta bakin kwano ne. Jira su fita da magariba, ka sa kafinta ya bi gefen rufin ya toshe kowace kafa da raga. Kada ka toshe da rana suna ciki, warin da za ka ji sai ya fi na yanzu.